WA YA YI? BAYANI A KAN TURANCIN "AN YI" A TAKARDUN MANOMI

Yawancin takardun da ke shigowa hannun ƙungiyoyinmu da Turanci ake rubuta su. Rubutun da ke jikin buhun iri da na taki da kwalbar maganin ƙwari Turanci ne. Takardar rance daga banki Turanci ce, haka takardar gona, haka kuma wasiƙar da ke zuwa daga ofishin ƙaramar hukuma. A kowace ƙungiya akan sami mutum biyu ko uku da suka yi firamare ko sakandare, su ne ake miƙa wa takarda a ce su karanta su fassara wa jama'a. Wannan bayani dominsu ne, da kuma duk wanda ke koyon Turanci a ajin manya ko a gida.

Akwai wani irin ginin magana a Turanci wanda ya cika waɗannan takardu maƙil, shi ne kuwa ya fi kayar da mai fassara. A littattafan nahawun Turanci sunansa "passive voice". Mu a nan za mu kira shi Turancin "an yi", gama aikin da yake yi ke nan: yakan faɗi abin da aka yi, ko abin da za a yi, sau da yawa ba tare da ya faɗi wanda ya yi ba. Wanda ya iya gane shi zai san lokacin da takarda ta ɓoye masa mai aiki, zai kuma san ya tambaya kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

HANYA BIYU TA FAƊIN ABU ƊAYA

Mu ɗauki magana mai sauƙi. Da Hausa muna iya cewa, "Ma'aji ya ƙirga kuɗin." Muna kuma iya cewa, "An ƙirga kuɗin." Aikin ɗaya ne, amma a ta fari mun faɗi wanda ya yi, a ta biyu mun bar shi a duhu. Turanci ma yana da hanyoyin nan biyu:

"The treasurer counted the money." Ma'aji ya ƙirga kuɗin.
"The money was counted." An ƙirga kuɗin.

To, ku lura da bambancin da ke tsakanin harsunan biyu, domin a nan tarkon yake. Da Hausa muna da 'yar kalma "an", ita ce ke zama a wurin mai aikin, kuɗin kuwa suna nan a bayan kalmar aiki inda suke tun farko. Bature ba haka yake yi ba. Shi sai ya ɗauko abin da aka yi wa aikin, ya kawo shi gaba, ya zaunar da shi a kujerar mai aiki. Saboda haka mai koyo yakan ga sunan da ke farkon jimla ya ɗauka shi ne ya yi aikin, alhali kuwa a kansa aikin ya faɗa.

Ku dubi waɗannan, biyu biyu:

"The goat was eating." Akuya tana cin abinci.
"The goat was eaten." An cinye akuya.

"The farmer paid." Manomi ya biya.
"The farmer was paid." An biya manomi.

"Members will pay." 'Yan ƙungiya za su biya.
"Members will be paid." Za a biya 'yan ƙungiya.

"The society owes money." Ana bin ƙungiya bashi.
"The society is owed money." Ƙungiya tana bin wasu bashi.

Kun ga 'yar kalma ɗaya, "was" ko "be" ko "is", ita ce ta raba wanda zai fitar da kuɗi daga aljihu da wanda zai karɓa. In mai karatu ya tsallake ta, ya juya maganar ke nan ƙafa sama kai ƙasa, jama'a kuwa su watse da labarin da ba shi ne a takarda ba.

YADDA AKE GINA SHI

Turancin "an yi" yana tsayawa ne da ƙafa biyu. In ɗaya ta ɓace, to, wani abu ne dabam.

Ƙafa ta fari ita ce ɗaya daga cikin dangin kalmar "be". Su takwas ne: "am, is, are, was, were, be, been, being". Ya kamata kowane mai karanta wa ƙungiya takarda ya haddace su kamar sunayen 'ya'yansa.

Ƙafa ta biyu ita ce siga ta uku ta kalmar aiki, watau aikatau a bakin malaman Hausa. Kowace kalmar aiki ta Turanci tana da sigogi uku da ake koya wa yara a makaranta, misali "eat, ate, eaten". Ta ukun nan ita muke nema. Yawancin kalmomi suna yin ta ta hanyar ƙara "ed" a ƙarshe: "plant" ta zama "planted", "spray" ta zama "sprayed", "weigh" ta zama "weighed", "sign" ta zama "signed". Amma akwai waɗanda ba su bin wannan ƙa'ida, sai dai a haddace su. Ga waɗanda suka fi fitowa a takardun gona:

"give, gave, given": ba da
"take, took, taken": ɗauka
"pay, paid, paid": biya
"sell, sold, sold": sayar
"buy, bought, bought": saya
"keep, kept, kept": ajiye
"lend, lent, lent": ba da rance
"grow, grew, grown": noma
"sow, sowed, sown": shuka
"steal, stole, stolen": sata
"hold, held, held": riƙe
"put, put, put": sa

Kalmar aiki ta zauna a sigarta ta uku ba ta motsi. Ƙafa ta fari ce ke sauyawa domin ta nuna lokaci, kamar yadda mu ma "an" ke sauyawa ta zama "ana" ko "akan" ko "aka" ko "za a". Ga yadda suke haɗuwa:

"is" ko "are": ana, akan. "Millet is harvested before guinea corn." Akan girbe gero kafin dawa.
"was" ko "were": an, aka. "The bags were weighed yesterday." An auna buhunan jiya.
"has been" ko "have been": an riga an. "The seed has been treated." An riga an sa wa irin magani.
"had been": an riga an, kafin wani abu ya faru. "The maize had been sold before the buyer came." An riga an sayar da masarar kafin mai saye ya zo.
"is being" ko "are being": ana cikin. "The road is being repaired." Ana cikin gyaran hanya.
"will be": za a. "Fertilizer will be shared on Monday." Za a raba taki ranar Litinin.
"must be" ko "shall be": dole a. "The loan shall be repaid." Dole a biya rancen.
"should be": ya kamata a. "Gloves should be worn." Ya kamata a sa safar hannu.
"can be" ko "may be": ana iya. "The farm may be sold." Ana iya sayar da gonar.
"must not be": kada a. "The bottle must not be used again." Kada a sake amfani da kwalbar.

A yi hankali da "been" da "being", gama a kunne kusan ɗaya suke. "The money has been paid" na nufin an gama biya, sai ka nemi rasit. "The money is being paid" na nufin ana cikin biya, ba a gama ba tukuna. A kuma lura cewa "shall" a takardar doka ko ta yarjejeniya ba alkawari take nufi kawai ba, wajibi take ɗorawa.

INDA MAI AIKI YAKE ƁUYA

In Bature ya ga dama, yana iya faɗin mai aikin a ƙarshen jimla, bayan kalmar "by". Misali, "The goat was eaten by a hyena." Hausa ba ta da irin wannan gini. Ba mu cewa "an cinye akuya ta hannun kura", sai dai mu juya maganar mu ce, "Kura ce ta cinye akuyar." Wannan ita ce dabarar fassara: in ka ga "by" da sunan mutum ko hukuma a bayanta, ɗauko sunan nan ka fara da shi. "Transport will be paid by the buyer" ya zama "Mai saye ne zai biya kuɗin mota."

Amma ba kowace "by" ce ke nuna mai aiki ba. In kwanan wata ne ya biyo ta, wa'adi take faɗi. "The loan must be repaid by 30 November" na nufin dole a biya rancen kafin 30 ga Nuwamba ta wuce. Ba a faɗi wanda zai biya ba ko kaɗan. In kuwa "with" ka gani, kayan aiki take nunawa: "The powder is mixed with water", watau akan dama garin maganin da ruwa.

Wani abu kuma da ke rikita mai koyo shi ne kalmomi irin su "give" da "pay" da "lend" da "tell" da "promise", waɗanda ke da abin da aka bayar da kuma wanda aka ba. Turanci yana son ya sa wanda aka ba a gaba. "Each member was given two bags" ba ya nufin kowane ɗan ƙungiya ya ba da buhu biyu, yana nufin an ba kowane ɗan ƙungiya buhu biyu. "We were promised a tractor", watau an yi mana alkawarin tarakta. Wa ya yi alkawarin? Jimlar ta yi shiru.

HAUSA TANA DA HANYA UKU

Inda Turanci ke da gini ɗaya, mu muna da uku, mai fassara kuwa sai ya zaɓi wanda ya dace.

Na fari shi ne "an" da danginta, kamar yadda muka gani.

Na biyu shi ne irin su "a rufe", "a ɗaure", "a dafe", masu nuna halin da abu ke ciki. "The store is closed" tana iya nufin sito yana rufe a yanzu. Amma "The store is closed at six o'clock" na nufin akan rufe sito da ƙarfe shida. Sauran maganar ce za ta nuna maka ko hali ake faɗi ko aiki.

Na uku shi ne irin su "ya gyaru", "ya dafu", "ba ta nomuwa". Wannan shi ya fi dacewa da "can be" da "cannot be". "The pump cannot be repaired" sai mu ce famfon ba ya gyaruwa. "This land cannot be ploughed", ƙasar nan ba ta huɗuwa.

Sa'ad da ɗayanmu ke rubuta Turanci kuma, akwai kurakurai biyu da ake yawan yi. Na ɗaya, mayar da "an" ta zama "they". Mutum yana so ya ce an sace masa saniya, sai ya rubuta "They have stolen my cow." A hira za a gane, amma a takardar da za ta je wurin 'yan sanda ko alƙali za a tambaye shi su wa yake nufi, sai ka ce ya san ɓarayin. Daidai shi ne "My cow has been stolen." Na biyu, sa "was" a gaban kalmar da ba ta faɗa wa kowa. "Die" da "happen" da "arrive" da "come" ba su shiga wannan gini, gama ba wanda ake yi wa su. Ba a cewa "The cow was died", sai "The cow died", saniya ta mutu. In wani ne ya kashe ta, sa'an nan a ce "The cow was killed", an kashe saniya.

GAJEREN RUBUTU A JIKIN BUHU DA KWALBA

Wurin rubutu a jikin buhu kaɗan ne, don haka masu kamfani sukan yar da ƙafa ta fari su bar ta biyu ita kaɗai. Ma'anar dai ba ta sake ba, "an yi" ce. Ga waɗanda ya kamata kowa ya sani ko da bai iya sauran Turanci ba:

"Made in": an yi a ƙasa kaza.
"Packed by": wane ne ya ɗura.
"Registered by NAFDAC": hukumar NAFDAC ta yi masa rajista. Ita ce hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna a Nijeriya, maganin ƙwari ma yana ƙarƙashinta.
"Treated seed": irin da aka sa wa magani.
"Not to be eaten": ba na ci ba ne, kada a ci.
"To be kept away from children": a ajiye nesa da yara.
"Harmful if swallowed": yana cutarwa in an haɗiye shi.
"If inhaled": in an shaƙa.
"Banned": an hana.

Kanun labaran jarida ma haka suke. "Farmers given loans" na nufin an ba manoma rance, ba manoma ne suka bayar ba.

Kada wani ya ce wannan karatun 'yan makaranta ne kawai. A 1971 gwamnatin ƙasar Iraƙi ta shigo da irin alkama da sha'ir masu yawa daga Meziko da Amurka domin raba wa manoma. An sa wa irin nan wani magani mai zaiba a ciki domin kada ya ruɓe a ƙasa, an kuma rina shi da jan launi. Gargaɗin da ke jikin buhunan da Turanci ne da harshen Sifen, mutanen karkara kuwa Larabci suke ji. Irin ya iso wa da yawansu bayan sun gama shuka, sai suka wanke launin suna tsammani gubar ta fita, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can, ban da waɗanda suka mutu a gida. Gargaɗin yana nan a rubuce, amma bai shiga kunnen masu ci ba. Har yau irin da muke saye a leda yakan zo da launi ja ko kore, da rubutun "treated" a jikinsa. Ba a ci, ba a ba kaji, ba a kuma zuba ragowarsa cikin rumbu.

A kan kwalbar magani, duk inda aka ce "must be" ko "must not be", ba sai ka nemi mai aiki da nisa ba: kai ne, mai feshi. "Crops must not be harvested within 14 days" na nufin kada ka girbe sai kwana 14 sun cika bayan feshi. Yawan kwanakin ya danganta ga irin maganin, don haka a karanta na kowace kwalba. Rashin bin irin wannan umurni yakan jawo asara har ga wanda bai ji ba bai gani ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya a cikinsa fiye da kima.

ME YA SA AKE ƁOYE MAI AIKI?

Kada mu ɗauka duk wanda ya rubuta Turancin "an yi" macuci ne. A wani babban littafin nahawun Turanci da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985, sun nuna cewa wajen huɗu cikin biyar na irin waɗannan jimloli ba su faɗin mai aiki sam. Dalilan kuwa huɗu ne, uku daga ciki ba su da laifi.

Na ɗaya, ba a san mai aikin ba. "The pump was stolen", an sace famfo, ɓarawo kuwa bai bar suna ba.

Na biyu, kowa ya san shi. "The thief was arrested", an kama ɓarawo, ba sai an ce 'yan sanda ne ba.

Na uku, ba shi ne abin kula ba. "Urea is applied after weeding", akan sa takin yuriya bayan an yi noma. Ko wa zai sa, ƙa'idar ɗaya ce.

Na huɗu shi ne abin tsoro: mai rubutu ya san mai aikin sarai, amma ba ya so a kama shi da magana. Manyan duniya sun daɗe da gane wannan dabara. A 1987, bayan asirin sayar wa Iran makamai a ɓoye ya tonu, shugaban Amurka Ronald Reagan ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce "mistakes were made", watau an yi kurakurai. An amsa laifi, amma jimlar ba ta nuna kowa da yatsa ba. Turawa su kansu sun san wannan. Tun 1946 marubucin nan na Ingila George Orwell ya shawarci masu rubutu su bar wannan gini duk inda za su iya faɗin mai aiki kai tsaye. A 2010 kuma Amurka ta yi dokar da ta umurci ofisoshin gwamnatinta su riƙa rubuta wa jama'a takardu da harshe mai sauƙin ganewa.

Mu ma ai mun san "an ce" da "za a duba" da "ana nan ana ƙoƙari". Wanda ya taɓa bin hakkinsa a ofis ya san nisan da ke tsakanin "za a biya ka" da "zan biya ka ranar Laraba".

TAKARDU UKU DA ZA A KARANTA DA IDO BIYU

Takardar rance. A ce an kawo wa ƙungiya yarjejeniya mai cewa: "Inputs will be supplied. Produce will be collected at harvest. The price will be determined. The loan shall be repaid by December." Fassararta ita ce: za a kawo kayan noma, za a kwashi amfani da kaka, za a yanke farashi, dole a biya rancen kafin Disamba. Jimla huɗu, ba mai aiki ko ɗaya. Wa zai kawo kayan, yaushe kuma? Takin da ya iso bayan masara ta fitar da kai bai amfani kowa ba, amma bashinsa yana nan. Wa zai yanke farashi, mai saye shi kaɗai ko tare da ƙungiya? Wa zai biya rancen, kowane mutum nasa, ko kuwa ƙungiya za ta ɗauki na wanda ya kāsa? In kuma kun ga "The farm may be sold if the loan is not repaid", ku sani an ba mai rance izinin sayar da gonar da aka jinginar in ba a biya ba. Ba rashin kunya ba ne a ce da mai takarda ya ƙara "by the company" ko "by each member", da kwanan wata, kafin a sa hannu. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Takardar ƙasa. Dokar Amfani Da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, har yanzu kuwa tana aiki, da Turancin "an yi" ta fara. Sashenta na fari ya ce ƙasar kowace jiha "vested in the Governor" take, watau an danƙa ta a hannun Gwamna, ya kuma ce "shall be held in trust", watau dole a riƙe ta amana domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Abin da manomi ke da shi a ƙarƙashin dokar shi ne hakkin zama da amfani, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da shi bisa ga al'ada. Dokar ta faɗi waɗanda ke da ikon karɓe ƙasa domin aikin jama'a, ta kuma yi tanadin diyyar amfanin gona da gine-ginen da ke kai. Saboda haka in takarda ta zo tana cewa "The land has been acquired" ko "Compensation will be paid", watau an karɓe filin, za a biya diyya, tambaya ta fari ita ce: wace hukuma ce ta karɓa, wa ya sa hannu, wa zai biya? Kada a bar gona saboda takardar da ba ta da mai ita. A kai ta wurin lauya ko ofishin ƙasa a bincika.

Rahoton taronmu. Wannan kuwa gyaransa a hannunmu yake. Sakatarori da yawa sukan rubuta "It was agreed that the store should be repaired", an yarda a gyara sito. Taro ya tashi, kowa yana zaton wani ne zai yi, har damina ta sauka sito yana yoyo. Haka kuma "The money was spent on transport", an kashe kuɗin a kan mota. Ranar da za a binciki littafin kuɗi, wannan jimla ba za ta wanke ma'aji ba, ba za ta kuma kama mai laifi ba, sai dai ta bar zargi tsakanin 'yan'uwa. Sakatare ya riƙa rubuta "The chairman and two members will repair the store before 15 May", watau shugaba da mutum biyu za su gyara sito kafin 15 ga Mayu, ya kuma sa sunayensu. Ko da Hausa ake rubuta rahoton, ƙa'idar ɗaya ce: inda kuɗi ko aiki yake, a rage "za a", a faɗi wane.

TAMBAYOYI HUƊU GA MAI KARATU

Duk sa'ad da aka miƙo maka takardar Turanci, bi ta a hankali da waɗannan:

1. Akwai ɗaya daga cikin dangin "be" tare da siga ta uku? In akwai, fara fassararka da "an" ko "ana" ko "za a" ko "dole a".
2. Sunan da ke farkon jimla, shi ya yi aikin ko shi aka yi wa?
3. Akwai "by"? Mutum ne a bayanta ko kwanan wata?
4. In ba a faɗi mai aiki ba, rashin faɗinsa zai iya jawo mana asarar kuɗi ko gona ko lafiya? In zai iya, a tsaya a tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

AIKI DOMIN TARO MAI ZUWA

Shugabannin ƙungiyoyi su ware minti 20 a taro mai zuwa. A rubuta waɗannan a allo, a bar masu karatu su fassara, sauran jama'a kuma su faɗi ko an ambaci mai aiki ko ba a ambata ba.

1. "The groundnuts were bought by the society."
2. "Members are required to bring their cards."
3. "The sprayer has not been returned."
4. "Interest will be charged monthly."
5. "Empty containers must not be washed in the stream."

Ga amsoshi domin mai jagorar taro. Ta 1: ƙungiya ce ta sayi gyaɗar, an faɗi mai aiki. Ta 2: ana bukatar 'yan ƙungiya su zo da katinsu. Ta 3: ba a dawo da injin feshi ba, sai a duba littafi a ga wanda ya ara. Ta 4: za a riƙa ɗora kuɗin ruwa kowane wata, sai a tambayi nawa ne, a kan nawa kuma. Ta 5: kada a wanke kwalaben magani a rafi, wannan kuwa umurni ne a kan kowannenmu.

Bayan haka kowa ya zo da buhu ko kwalba ko takarda ɗaya daga gida, a karanta tare, a ja layi a ƙarƙashin kowace "an yi" da aka samu. Ƙungiyar da ta ci karo da jimlar da ta gagare ta, ta ba malamin gona na yankinta ya kawo mana, za mu warware ta a wannan shafi. Allah ya ba mu damina mai albarka.